Goran Malam Ilu a Hanyar Damagaram

Litinin: Tudun Wada zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asubar wata Litinin, cikin bazara, muka ɗauki kayanmu muka nufi bakin kasuwar Tudun Wada, inda motar gyaɗa ke jiran fasinja. Shekaru kaɗan ke nan kafin Arewa ta sami mulkin kai. A lokacin ina malamin elementare, ina koyar da lissafi da rubutu, ran Laraba da yamma kuma zane. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da gwangwanin fentin ruwa mai gida goma sha biyu da wani Bature ya ba ni, kuma saboda gwangwanin nan gani nake babu na biyuna daga Bebeji har Doguwa.

Abokin tafiyata Malam Ilu ne, dattijo mai zayyanar allo daga Riruwai. Shi bai san fentin kanti ba. Jansa daga zoɓo yake fitarwa, ruwan ɗorawa daga gangamau, shuɗi daga baba, baƙi daga gawayi, ya busar, ya niƙa da ƙaro. Wani malamin makaranta a Damagaram, wadda a lokacin ke hannun Faransa, Mushe Mamman (haka suke ce wa malamin boko a can), ya ga zanen 'yan ajina da aka yi da waɗannan launuka a wani baje kolin aikin hannu a Kano, ya rubuto yana roƙon mu je mu koya wa ɗalibansa zane ba tare da an sayi fentin Turai ba. Sunana aka sa a bayan wasiƙar, amma ko a lokacin na san launin wa ake nema, kuma abin yana cina.

Malam Ilu ya zo da jakar fata ɗaya da wani ƙaton gora da ya toshe bakinsa da ɓawon masara, ya ɗaure da igiyar rama. Ruwan wani marmaro ne na cikin duwatsun Riruwai.

Na ce, "Baba Malam, ka ji an ce babu ruwa a ƙasar Faransa ne?"

Ya ce, "Akwai, Malam Sani. Ban san halinsa ba ne."

Ƙarfe takwas muka iso Kwanar Dangora, muka ɗauki na ukunmu, Garba mai zanen bango daga Kiru, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Yana ganin goran ya ce, "Gafarta Malam, wannan amarya ce za mu kai? Ai ya kamata a saya mata kujerar gaba." Dattijon ya yi murmushi, ya ƙara rungume kayansa. A mararrabar Bebeji ƙanwata ta tare mu da dambun nama da gyatumata ta aiko. Muka shiga Kano da azahar, muka sauka gidan wani ɗan Kiru a Fagge.

Talata: Kano zuwa Daura

Mun bar tasha ƙarfe bakwai, sule huɗu kowane mutum, muna zaune bisa buhunan goro. Mil hamsin muka yi lafiya. Da muka shiga duwatsun Kazaure rana ta take, sai mota ta fara huci, hayaƙi ya turnuƙe gaba. Direba ya tsaya ya buɗe, ya ce lagireto ya ƙafe, garwarsa kuma babu ko ɗigo.

Malam Ilu ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan dutse, ya bar mini goransa ajiya. Direba ya dubi goran, ya dube ni.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Ruwa ne kawai."

"To ai shi muke nema. Ko nan za mu wuni?"

Ba wanda ya tilasta mini. Da hannuna na kwance igiyar na miƙa, ina kallo aka tuttule ruwan Riruwai a cikin ƙarfe. A raina cewa nake ruwa ruwa ne, camfin tsofaffi ne kawai. Na mayar da ɓawon masarar, na ɗaure yadda na same shi, na cusa goran tsakanin buhuna. Garba yana gefe yana kallona. Ya ce, "Ticha, ni dai ban gani ba." Da dattijon ya dawo sai na ce ya huta, ni zan riƙa ɗaukar masa goran daga nan har Damagaram. Ya sa mini albarka. Wannan albarkar har yau tana yi mini nauyi.

Mun kwana Daura a zauren wani madugu, tuwon gero da miyar kuka. Na so in cika goran a can, amma dattijon bai gusa daga gefensa ba.

Laraba: Kwangwalam, Matamai, Damagaram

Ƙarfe tara muka isa iyaka. Namu 'yan kwastan suka duba takarda suka sallame mu. Na can kuwa, masu gajeren wando da jar dara, sai da suka zazzage jakar Malam Ilu. Ɗaya ya buɗe ƙullin garin zoɓo ya shinshina.

"Wannan magani ne ko guba?"

Garba ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka tsaya cak sai a nuna maka." Ya tsoma yatsa a garin gawayi, ya zana fuskar mutumin a bangon rumfar, har da gashin bakinsa da ya karkace. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, aka buga mana hatimi, aka ƙara mana da ruwan sanyi na randa.

A Matamai muka canza kuɗi, muka ci gasasshen nama da burodi mai tsawo kamar sanda. La'asar sakaliya muka hango duwatsun Damagaram. Mushe Mamman ya tarbe mu, ya kai mu gidansa da ke jikin makarantar. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, tana jin an ce Kanawa ne ta fito da muciya a hannu.

"A'a, bayina ne suka zo gaishe ni? Ku shigo, amma kada a ƙirga mini kaji."

Garba ya ce, "Inna, ai kajin naku ba su kai a sata ba."

Ana cikin wannan raha na saci jiki da goran, na je rijiyar bayan gida, na cika shi taf, na ɗaure. Na dawo da shi na ajiye kusa da tabarmar Malam Ilu, ina jin na rufe magana.

Alhamis: aji

Ran Alhamis ba sa karatu a can, shi ya sa aka ba mu ranar. An ce ɗalibai arba'in za su zo ƙarfe tara, da malamai, da Baturen da ke duba makarantu. Bayan sallar asuba Malam Ilu ya jera ƙoƙuna a tsakar gida, ya juye garin launinsa kusan duka. Al'adarsa ce ya ɗanɗana ruwa kafin ya dama, amma wannan nasa ne, daga gida ya zo da shi, sai ya yi bisimilla ya zuba.

Jan zoɓon nan da na sani kamar jinin rago, a gaban idona ya koma toka-toka mai kore, kamar ruwan kwata. Gangamau ya tashi daga ruwan ɗorawa ya zama kalar tsatsa. Shuɗi da baƙi ne kaɗai suka tsaya.

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙoƙunan. Ya kai ɗaya kusa da ido, ya nisantar. Ya juya wajen Garba.

"Garba, wane launi kake gani a nan?"

"Gafarta Malam... ba ja ba ne dai."

"Shekara arba'in ina wannan aiki. Ruwan nan shi ne, garin nan ni na niƙa." Ya ajiye ƙoƙon a hankali. "To hannun ne ya tafi. Malam Sani, ka ɗauki gwangwaninka ka shiga ajin. Ka ce musu tsohon ba shi da lafiya. In mun koma gida kuma, allunan da mutane suka kawo mini a mayar musu."

Abin da na daɗe ina so ke nan: aji nawa, suna nawa. Ga shi an miƙo mini. Gwangwanina ba zai ishi mutum biyar ba balle arba'in, amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Hawaye na gani yana bin gemunsa. Garba kuma, mai surutun nan, ya kafe ni da ido bai ce uffan ba.

Na durƙusa. Na ce, "Baba Malam, ba hannunka ba ne. Ruwanka yana cikin motar Daura. Ni na bayar a Kazaure. Wannan na rijiyar bayan gidan nan ne, jiya na ɗebo."

Bai dube ni ba. Ya jawo goran, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya kai baki, ya furzar.

"Kanwa," in ji shi.

Inna Hajo tana bakin murhu, ashe duk tana ji. Ta ce, "Wace rijiyar? Ta baya? Wayyo Kanawa! Wannan ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha. Wanki muke yi da ita."

Mushe Mamman ya ce a aika a sayo ruwan daɗi. Malam Ilu ya ce ruwa zai samu, amma garin ya riga ya jiƙe, abin da ya rage bai kai cikin cokali ba. Ƙarfe bakwai da rabi ke nan.

Inna Hajo ta matso ta leƙa ƙoƙon. "Wannan zoɓo ne? To ku maza, in kanwa ta yi wa miya yawa me ake yi?" Ba ta jira amsa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da curin tsamiya, ta jiƙa a ruwan randarta, ta tace da rariya, ta miƙa wa dattijon. "Kaɗan-kaɗan, Malam, kada ka zuba irin zubin Bakano."

Ya ɗauki tsinke ya ɗiga ɗigo ɗaya. Inda ya faɗa sai wani jan ido ya buɗe a tsakiyar tokar. Ya ƙara, ya juya. Ja ya dawo, har ya fi na da haske. Aka yi wa gangamau haka, ya koma ruwan ɗorawa. Garba ya yi tsalle ya ce, "Inna, na yarda, daga yau ni bawanki ne, amma na wata ɗaya!"

Ƙarfe tara daidai muka shiga aji. Ni aka gabatar a matsayin shugaba. Na tashi na ce ga malamin nan a zaune, ni mai riƙe masa ƙoƙo ne. Malam Ilu bai ɓoye abin da ya faru ba, sai dai bai ambaci sunana ba. Da shi ma ya buɗe darasi: ya sa aka kawo ruwan rijiyar, ya kashe ja a gaban ɗalibai, ya tashe shi da tsamiya. Ajin ya kaure da sowa. Baturen ya bar kujerarsa ya zo ya tsuguna, ya ce a sake.

Daga nan muka fita gindin duwatsu. Garba ya koya musu fitar da siffa da gawayi, ni na nuna yadda ake jiƙa takarda a fara da sama kafin ƙasa, a bar farin takarda inda rana ta bugi dutse. Burushinmu tsinken kaba ne da aka daddaƙa bakinsa. Kafin azahar takarda arba'in na shanye a kan igiyar Inna Hajo: duwatsu, kuka, raƙuma a bakin kasuwa. Malamai uku suka zauna gaban dattijon da littafi suna rubuta yadda ake niƙa kowane launi. Kwana ɗaya aka ɗiba mana, sai da muka yi huɗu.

Komowa

Ran Litinin muka juyo, da kyautar dabino da takalman fata. Kwana biyu muka yi zuwa Kano. Garba ya sauka a Kwanar Dangora, ya kama hanyar Kiru yana waƙa. A Tudun Wada ban sauka ba, na ce sai na kai Malam Ilu gida. Muka ratsa dajin Falgore a motar ma'aikatan kuza, muka sha fura a wata ruga kusa da Doguwa, muka isa Riruwai ran Alhamis da hantsi.

Duk tsawon hanyar bai tayar da maganar ba, ni ma na kasa. Sai a ƙofar gidansa na ce, "Baba Malam, ka yafe mini ruwan da na zubar."

Ya ce, "Ruwa? Da ka tambaye ni, da ni zan miƙa wa direban. Mutum talatin a rana, ai ba a hana su ruwa. Igiyar da ka mayar ka ɗaure, ita ce ta kusa raba ni da sana'ata."

Na sunkuyar da kai. Ya bar ni a haka har sai da na ji zafin rana a ƙeyata.

"Na yafe. Hutun makarantarku saura kwana nawa ya ƙare?"

"Tara."

"To shigo. Turmi na nan, zoɓo na nan. Ka iya shafa launi, ba ka san inda yake fitowa ba."

Kwana taran nan a gidansa na yi su ina daka, tafin hannuna ya yi kanta. Ranar da na koma Tudun Wada, da jaka cike da garin da ni na niƙa na shiga aji.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Mushe Mamman da ya kira mu, da Garba da shirunsa ya fi maganarsa amfani a ranar, da Inna Hajo mai tsamiya. Malam Ilu kuwa ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka yana zayyana, hannunsa bai yi rawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Allah Ya haskaka kabarinsa.