Ranar da Bayanaina Suka Fito a Kwamfutar Wata

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar wata Talata al'amura suka fara dagule mini, kuma ko zan manta duk abin da aka koya mini a jami'a, wannan safiyar kam tana nan daram a raina. Ina aji uku a lokacin, ina horon sanin makamar aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja da ke saman bene a Sabon Gari. Mu biyu ne ɗalibai, ni da wata yarinya Ibo haifaffiyar unguwar, wadda Hausa ta fi gudu a bakinta fiye da nawa. Tun ranar farko Oga ya faɗa mana cewa mutum ɗaya zai riƙe idan horon ya ƙare. Ni kuwa a zuciyata na riga na hau kujerar.

Manhaja muke haɗa wa 'yan kasuwar Kantin Kwari don su riƙa sanin kayan da ya shigo da wanda ya fita. Aikin ɓangare biyu ne: akwai saba, wato kwamfutar da ke ajiye komai a intanet, akwai kuma manhajar waya da ke aika mata tambaya. Ni aka ɗora wa rubuta bayani a saman kowane aiki na sabar, abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa. Na ɗauki abin da zafi. Har rumfar kawuna na je a Kwari ranar Asabar, na zauna a kan dila ina tambayarsa yadda ake ƙirga kaya, don kada in rubuta abin da ban tabbatar ba.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wata 'yar manhaja da muke ce wa inji. Ita ke karanta tsarin sabar, ta rubuta wa masu haɗa manhajar waya kod ɗinsu, wato layukan umarnin kwamfuta, da kanta. Sai dai sunayen ayyuka kawai take kwasowa, bayanin da ke samansu kuwa ta watsar. Na lura da haka tun makon farko. Na ce a raina mai buƙata zai je ya nema. Gaskiyar magana, tashi in tsaya a gaban Oga in ce ga matsala ya fi mini wuya a kan rubuta shafi ɗari.

To, a wannan Talatar sai na ji abokiyar horona ta ce, "Oga, don Allah zo ka ga wani abu." Ashe ta shiga cikin samfurin da injin ke bi, ta ƙara 'yan layukan da ko rabin allo ba su cika ba. Yanzu da an ɗora kibiya a kan sunan aiki, sai bayaninsa ya fito a gefe. Babban ma'aikacinmu mai haɗa manhajar waya ya leƙo, ya karanta da ƙarfi: "Idan atamfa ce, adadin na nufin turmi. Idan shadda ce, yadi ne." Sai ya dafe kai. Ya ce ashe abin da ya hana shi sakat ke nan tun makon jiya, lissafin gwaji a shagon wani Alhaji yana mayar da turmi yadi.

Jimlata ce, har da aya da waƙafi. Amma ita ake kallo. Oga ya ce ta cece mu, ya aika a sayo wa kowa lemo da gurasa. Na ce cikina ba daɗi.

Ban san ina da irin wannan zuciyar ba sai a makonnin da suka biyo baya. Dariyarta ta fara damuna. Ƙarar takalminta a matattakala ta fara damuna. Idan na hau adaidaita sahu daga Bata zuwa gidanmu a Fagge, sai in yi ta auna layukanta da nawa, ina shari'a ni kaɗai, kullum kuma ni ke yin nasara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta ba ni dalilin ƙinta ba. Duk wanda ya yaba, sai ta nuna ni ta ce ai ga mai rubutun can. Wata rana ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Ƙawata, ke fa da littafi kika rubuta da na saya. Wa ya koya miki?" Na ce babu kowa, na ci gaba da danne-dannena. Inna ma ta gane, ta tambaye ni ko wani ya ɓata mini rai a wurin aiki. Me zan ce mata? An yabi aikina ta bakin wata?

Da horon ya ƙare, ita Oga ya riƙe. Na shiga yi masa sallama, kuma a karon farko na buɗe baki. Na ce, "Yallaɓai, bayanan nan fa ni na rubuta su." Ya ce ya sani sarai, kuma bai taɓa samun ɗalibin da ya yi rubutu mai tsabta kamar nawa ba. Sai ya tambaye ni yaushe na gane injin yana watsar da su. Ban iya ƙarya ba, na ce tun makon farko. Ya cire tabarau, ya dube ni.

Yau shekaru sun ja, ina aiki a wani wuri, kuma ba na tashi daga kan bayani sai na buɗe ɓangaren mai amfani da shi na gan shi da idona, idan ban gani ba in yi magana nan take. Na koyi cewa aiki bai kammala a inda aka yi shi ba, sai a hannun wanda aka yi dominsa. A ofishin nan na koya, daga amsar da Oga ya ba ni a hankali:

"'Yata, ke kin rubuta ne don aikinki ya yi kyau. Ita kuma ta damu ne da wanda zai karanta. Da kin zo kin ce mini kalma ɗaya a makon nan na farko, da yau ba sallama kika shigo yi ba."