Gaisuwar ƙarfe goma

Shekarar da na yi aikin radiyo a wurin awon gyaɗa na Dungas, minti biyar ne rabona a rana. Ƙarfe goma daidai Magarya za ta saurare ni, in faɗi buhu nawa ke ƙasa, kamiyo, wato babbar motar kaya, nawa nake so. Da biyar ta wuce, layi ya koma Mallawa. In kana magana ba ka jin ɗan'uwanka, sai an ce "a bu", wato naka ne.

Mai ɗaukar saƙo a Magarya wani dattijo ne da ban taɓa gani ba. Kai, mutumin nan ya iya gaisuwa! Ina kwana, a bu. Ina gajiya, a bu. Ina aiki, a bu. Minti uku sun tafi. Ni kuwa da takardar gama lakwal, makarantar boko, a aljihu, sai in riƙa cizon yatsa.

Wata safiya hadari ya haɗo gabas, ga ragowar gyaɗa jibge a fili. Shef, shugaban wurin awon, ya ce in ta jiƙe in nemi hanyar gidanmu. Dattijo na fara "ina kwana" na danne maɓalli, na zazzage saƙona kaf ba numfashi. Da na saki, sai na ji yana cewa, "Dungas, ban ji ka ba, ɗana." Lokaci ya cika.

Kamiyo bai zo ba. Ruwa kam ya zo da la'asar.

Da aka sallame ni, takanas na tafi Magarya in wanke shi tas. Na tarar da ɗan tsoho, kunne ɗaya ya mutu. Ya bari na gama faɗa, sannan ya nuna mini abin murɗa akwatin radiyon.

Ya ce, "Muryarka yawo take kullum. Na san 'lahiya lau' za ka ce, shi ya sa nake murɗawa har ta fito sarai. In ta fito, to lambarka ma za ta fito. Ran nan ba ka ba ni abin kamawa ba."

Wallahi kunya ta rufe ni. Ya matso mini da tabarma, ya miƙo hannu.

"Ba mu ko gaisa ba. Ina aiki?"

Na ce, "Aiki da godiya, Baba."