Ɗan Fari da Sarkin Masar

Ni ba na kiran ɗana na fari da sunansa. Haka na taso na gani a gidanmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Da aikin mijina ya kawo mu Doha muka zauna a Al Rayyan, kunyata na ƙunso tare da kuka da daddawa.

Yaron yana da sikila. Waje ba ya fituwa saboda zafin rana, ciki sanyin esi yana taso masa da ciwo, sai ya naɗe a bargo yana ta karance-karance. A nan ya gamu da wani sarkin Masar na zamanin da, wanda ya hau mulki yana yaro, ya mutu bai kai ashirin ba. Har kicin yake bi na da labarinsa. Wai shi ma ba lafiyayye ba ne, sanduna aka tarar jibge a kabarinsa. Wai magadansa sun kankare sunansa daga jikin duwatsu don a manta da shi, ga shi yau duniya ta san shi fiye da su.

"Umma, su a wurinsu, muddin ana kiran sunan mutum bai gama mutuwa ba. Ke kuwa tun ina raye kin kankare ni."

"Tafi can, kai da Fir'aunanka. Yalla, maza kwashe min kwanukan nan."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Sai da ya sa na yi ta maimaita sunan sarkin har harshena ya iya. "Saura nawa," in ji shi. Na ce sai ranar aurensa.

Ciwon ƙarshe a ƙirji ya kama shi. A asibiti duk wanda ya tambayi sunan mara lafiya, mijina nake kallo ya amsa. Da aka sa masa na'urar numfashi, likitar ta ce in yi masa magana, mai yiwuwa yana ji. Na sunkuya na tofa masa addu'a. Sannan na kai bakina kunnensa na kira shi. Sunan ya fito mini baƙo, kamar na ɗan maƙwabta.

Bai farfaɗo ba, a nan ya cika.

A Doha muka binne shi, kabarin lamba ce kawai, daga baya muka dawo gida muka bar shi can. Na yi tawakkali, amma zuciyata ba ta warke ba. Har yau in aka nuno fuskar zinaren da aka binne sarkin nan da ita a talabijin, sunansa zuwa yake bakina ba gargada. Na ɗana kuwa ranar nan kaɗai na faɗe shi, kuma ban san ko ya ji ba.