Takardar da Ɗan Majalisa Ya Sa a Hula

Yayana direban jirgin ruwa ne, yana ɗaukar mutane daga Yelwa zuwa tsibiran cikin tafki. Shekarar da aka cika rediyo da maganar gyaran majalisa, ya sa mai fenti ya zana masa ɗan majalisarmu a gefen jirgi: tumbi ya cika kujera, ido a rufe, ƙafafu ƙanana suna reto, ruwa ya kai wa talakawa wuya a ƙarƙashinsa. Ni ban son zanen mai rai, na kuma gaya masa. Amma Allah Ya yafe mini, na yi dariya.

Abin da masu jirgi da masunta ke so bai da yawa. Kututturan itatuwan da tafki ya binne suna fasa jirage, kuma mutumin da muka tura bai taɓa buɗe baki a kai ba. Suna son a gyara doka, wakili ya riƙa zama cikin mutanensa, in ya ƙi a yi masa kiranye ba tare da wahala ba. Aka ce ni zan rubuta takardar koken, kuma da ajami, domin kowa ya karanta abin da zai dangwala wa yatsa. Kwana uku na yi. Na fere alƙalami, na dama tawada, na buɗe da Bismillah, na ja layi a gefe kamar yadda malaminmu ya koya mana.

Ranar da ɗan majalisar ya zo jin ra'ayin jama'a, wai, ya iso bayan la'asar yana ƙamshin turare, masu kirari na gaba. Na miƙa masa takardar. Ya kalle ta a juye. Ya sumbace ta, ya naɗe, ya cusa cikin hula.

“Allah Ya saka, Malam. Irin addu'ar nan muke bukata.”

Dattawa suka sunkuyar da kai don kunya. Sai muryar yayana daga baya:

“Ranka ya daɗe, ba laya ba ce! Korarka aka rubuta ciki. Malam, amshe ta ka karanta mai!”

Na karɓa na karanta, tun daga kututture har kiranye, ban tsallake harafi ba. Ɗan majalisar yana murmushi yana latsa waya. Da na gama ya ce za a kafa kwamiti, ya ajiye takardar a kan kujera, ya tashi. Har yau in na tuna murmushin nan sai na yi a'uzubillahi, don abin da ke zuwa bakina bai dace da mai alwala ba.

Iskar tafki ta jefar da ita ƙasa, 'yan rakiya suna ta wucewa. Wani tsohon masunci, wanda yatsansa ke cikin na farko a kanta, ya duƙa ya ɗauka ya kakkaɓe. Na ce ya ba ni, mu nemi wanda zai kai ta Abuja. Ya girgiza kai.

“Malam, da sunan Allah a sama. Can ma ƙasa za su yar da ita.”

Ya tafi da ita bayan masallaci, ya ƙone ta, ya binne tokar inda ba a takawa.