Ba Na Ɗakin Lokacin da Kika Tafi, Mak Rokiah

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa kowa zai koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajiya Rokiah binti Sulong a gidanta da ke hawa na tara a unguwar Bedok, nan Singapore. Ta rasu tana da shekara tamanin da ɗaya, ta bar 'ya ɗaya, Noraini, da jikoki biyu. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da Turanci a firamare. Ni ce Warsinah, mai aikinta, da na zo daga garinmu Cilacap, can ƙetaren teku, shekara takwas da suka wuce don in kula da ita.

Mak, wato Inna, haka nake kiranki tun ranar farko, domin kin ce duk wadda za ta wanke miki baya ba za ta ce miki uwar ɗaki ba. Yarenmu ɗaya ne kusan, ba mu taɓa shan wahalar hira ba. Wahalata ita ce littafin nan da nas ɗin asibitin unguwa ta ba ni, ta ce kullum in rubuta halin da kike ciki, kuma da Turanci, don shi likita ke karantawa. Satin farko kalma uku na iya: ta ci, ta sha, ta yi barci. Kika ɗora tabarau, kika duba, kika yi dariya har da tari.

"Ke Sinah, ai akuya ma ta ci, ta sha, ta yi barci. Yaya na ci? Da marmari ko da ƙyar?"

Ranar kika gaya mini cewa masu jin Turanci ba sa barin aiki tsirara, sai sun faɗi yadda aka yi shi, kuma suna da wata 'yar jela da suke liƙa wa kalma don ta ɗauki wannan nauyi. Ba ki ba ni allo ba. Ƙofar ɗakinki kika sa na rufe sau shida: a hankali, da sauri, a sace, da fushi, da ladabi, da ganganci. Kowanne na yi sai ki faɗi sunansa, in maimaita. A na fushin na buga ƙofar har maƙwabciyarmu Anti Lim ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya. Kika ce mata, "Koma ki ƙarasa miyarki, makaranta muke." Daga nan komai na gidan ya zama darasi. Ina yanka albasa, sai in ji muryarki daga falo: "Yaya kike yankawa?" In ce, "Da hawaye, Mak." Ki ce, "Maƙaryaciya, da lalaci dai."

Na ɗauka wasan tsofaffin malamai ne, sai a shekara ta uku. Wata safiya na rubuta cewa kin yi magana da nauyin baki, kin riƙe kofi a karkace. Nas ta karanta layin nan biyu, ta kira motar asibiti nan take. Ashe shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe. Likita ya ce da an kai yamma, da ba ki sake taka ƙasa ba. Da muka dawo gida ba ki yabe ni ba, kin dai sa an sayo mini biro mai kyau.

Ba ki taɓa damuwa da kuskuren haruffana ba. Abin da ba ki yarda da shi ba shi ne in gyara gaskiya. Akwai ranar da ciwo ya dame ki, kika zage ni kan na cika gishiri. Da la'asar na kawo littafin, na rubuta cewa kin wuni cikin fara'a. Kika ce in soke.

"Rubuta: ta yi wa Sinah magana da wulaƙanci."

Na ce, "Haba Mak, likita zai gani fa."

"Ya gani mana. Shi ya fi Allah ne?"

Na rubuta, kika sa hannu a ƙasa, sannan kika roƙe ni gafara. Tsohuwa mai jikoki, hajiya, tana roƙon mai wanke mata kwano. Ban taɓa ganin haka ba, ko a gidanmu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Safiyar Talatar nan raina a ɓace na tashi, 'yata ta aiko saƙo daga gida cewa za ta bar makaranta. Na dama miki kunun shinkafa da kifi, na zauna ba ki, amma hankalina na kan waya. Cokali kan cokali nake tura miki, ban jira kin haɗiye ba. Kika kau da kai, kunun ya zubo a rigarki. Na goge miki baki da ƙarfi, na ce, "Mak, yau kam kin ishe ni." Da na miƙe, kika kama hannun rigata da hannunki mai lafiya. Na fizge. Na tafi kicin na jera wanki a sandunan gora, na tura su ta taga, na tsaya nan ina faɗa da 'yata a waya. Wayar ta nuna minti arba'in da uku. Da na dawo, bargonki na ƙasa, fuskarki na kallon ƙofa, kin riga kin tafi.

Likita ya ce zuciya ce, kuma ko yana tsaye a kanki da wuya ya iya wani abu. Wannan bai sanyaya mini rai ba. Yaya Nor, wato Noraini, ta iso daga wurin aiki ko takalmi ba ta cire ba, ta riƙe kafaɗuna ta ce, "Sinah, yaya ta tafi?" Ita ma 'yarki ce, irin tambayarki ta yi. Na buɗe baki na ba ta kalmar da masu Turanci ke faɗa idan mutum ya cika, wadda ke da kanki kika koya mini: cikin salama. Na ƙara da cewa ina riƙe da hannunki. Da yamma, bayan an dawo daga maƙabarta, na rubuta haka a littafin, da biron da kika saya mini.

Kalmar ta yi tafiya fiye da zatona. Yaya Nor ta sa ta a saƙon da ta tura wa dangi, ta sa ta a sanarwar jarida. Tsofaffin ɗalibanki suka cika gidan, wasu da furfura, kowa na cewa alhamdulillahi, Malama ta tafi cikin salama. Suna riƙe hannuna suna sa mini albarka. A kwana na biyar Yaya Nor ta miƙo mini takardar shaida da ta rubuta don in samu wani gidan aiki, tunda zamana a ƙasar nan ya dogara da ita. A ciki ta ce na kula da mahaifiyarta da haƙuri da tausayi har numfashinta na ƙarshe. Na karanta kowace kalma, na gane kowacce. Da ba ki koya mini ba, da na ninke takardar na yi godiya kawai.

Ranar addu'ar bakwai, bayan baƙi sun watse, muna wanke tukwane ni da ita, na goge hannuna na ɗauko littafin. Na riga na soke layin ranar Talata, na rubuta na gaskiya a ƙasansa: na ba ta abinci da gaggawa, na goge mata baki da ƙarfi, na yi mata magana da zafi, na bar ta ita kaɗai. Na ajiye takardar shaidar a kai, na ce, "Yaya Nor, karɓi abinki. Ban cancanta ba."

Ta karanta a tsaye, sannan ta zauna a ƙasan kicin. Ta ɗago kai ta ce:

"Da kin bar ni da ƙaryar, Sinah. Da ita nake samun barci."

Na ce na sani.

"To yanzu me zan ce? Yaya ta tafi?"

Na ce, "Ban sani ba. Ba na ɗakin."

Ta rufe fuskarta da mayafi. Can ta ce, "Ni ma ba na ɗakin. Ta kira ni da safen, na ce ina cikin taro."

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba, don ba ita na fizge wa hannu ba. Takardar na nan kan teburin cin abinci har yau, ba ta yaga ba, ba ta maido mini ba. Duk abin da ta yanke daidai ne. Amma ita ta ce in rubuta wannan a raba wa duk wanda ya samu saƙon farko, kuma kada in gyara komai.

Mak, shekara takwas kina kyautata mini, ni kuma na ɓata safiya ɗaya, sai ta zama ta ƙarshe. Na san me kika so faɗa da kika kama rigata? Ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Ki yafe mini.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rokiah, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ta bayar ya riƙa isa gare ta. Idan ta ji tsoro a mintocin nan da na bar ta, ka musanya mata da aminci, ka ɗora laifin a inda yake. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Noraini da mijinta da 'ya'yansu, da dangi na nan da na Johor, da ɗalibanta duka. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa kada ɗayanku ya cika shi kaɗai a ɗaki. Amin.

Warsinah binti Karto
Bedok, Singapore