Hanyar Mashin a Bayan Ɗakina

Shin Malam ya san ciwon da ke jikinsa ranar da ya shiga garkata da fartanya ya fara tuge mini kuɓewa? Na yi wa kaina wannan tambaya a cikin takaba, na yi ta bayan takaba, yau ga kaina ya yi fari ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata idan kuka ya zo mini ta jira ni.

Ƙauyenmu yana gaba da Kurya Madaro kaɗan. Malam, mijina, manomi ne, da rani kuma yana kabu-kabu da wani jan mashin da ya saya bayan an ba mu sabuwar jiha. Yakan kai mutane da buhunan gero kasuwar Ƙaura, ranar Alhamis ya bi 'yan kasuwa Shinkafi. 'Ya'yanmu duk mata ne, sun yi aure sun watse. Mu biyu muka rage a gidan.

Da Shari'a ta zo mun yi murna kamar kowa. Cikin abin da ta zo da shi, aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar macen da ba muharramarsu ba. Abin bai dame ni ba, tunda mai ɗaukata yana gida. Amma a wannan shekarar Malam ya fara dawowa yana dafe ƙeya, ya zauna bakin rumbu. Idan na tambaya sai ya ce rana ce.

Bayan an cire amfanin gona ya share garkar da ke bayan ɗakina, bai bar ko tushen yakuwa ba. Ya ƙara wa danga tsawo da sabbin zana. Ya shata hanya ta kewaye rumbu ta dawo ta gindin tsamiya. A wuri ɗaya ya tara jar ƙasa ya yi tudu ya daddaɓe, a gaba ya haƙa rami mai faɗi marar zurfi, ya zuba tsakuwa. Sannan ya ari amalanke ya yi ta jigilar rairayi daga rafi, ya shimfiɗa shi har ƙafa na nutsewa. Na tsaya da muciya a hannu ina kallonsa, zuciyata na tafasa saboda kuɓewata.

"Malam, wai mi kake ginawa haka? Makarantar jakuna?"

"Hanyar Ƙaura ce, tsohuwa," in ji shi. "Wanga tudun maƙabarta ne. Wanga kwazazzabon bayan gari. Wancan kuwa rairayin rafi ne, wanda in kin wuce shi kin hau kwalta."

Na yi dariya, don na ɗauka wani yaron gari zai koya wa sana'a. Sai washegari da hantsi ya turo mashin bayan ɗaki, ya miƙo mini tsohon wandonsa na gona, ya ce in sa a ƙarƙashin zane. Na ja da baya kamar ya miƙo mini maciji.

"Idan ba ni, wa zai kai ki Badarawa wajen ɗiyarki?" ya ce. "Ƙafa za ki taka?"

Na ce masa ya daina yi wa kansa mugun baki. Amma miji ne, ya ce in hau, na hau.

Har yanzu idan na tuna kaina a kan wannan ƙarfen, mace mai jikoki, ƙafafu a ware, wandon namiji na leƙowa, sai in ji kamar in shige ƙasa. Ya nuna mini kuloci da birki, ya nuna mini yadda ake taka giya. Yana gudu a gefena yana riƙe da ƙarfen baya, yana haki. Na kara da rumbu har kaji suka watse. Na faɗi a ramin tsakuwa, salansar mashin, bututun hayaƙin nan, ta ƙone mini ƙwauri, tabon yana nan. A hankali tudu ya zo mini da sauƙi, rami ma haka. Rairayi ne ya gagare ni. Da na ji taya ta fara rawa sai tsoro ya kama ni, in saki wuta in taka birki, mashin ya mutu, mu kwanta tare. Malam ya ɗaga ni ya kakkaɓe ni, ya ce rairayi ba ya son mai shakka.

Zana tana rufe ido, ba ta rufe kunne. Mutane suna jin mashin na kewaya gida ɗaya kullum ba ya fita. Wata rana maƙwabciyata ta hau turmi ta leƙo. Kafin la'asar labari ya gama gari. Da na je rijiya sai ta tare ni a gaban mata.

"Sannu da aiki, direba! Nawa ne zuwa Ƙaura? In da kaya fa?"

Wata ta ce, "Ku bar ta, ita ke sa wando a gidan yanzu."

Na dawo da tulu rabi. Da yamma wan Malam ya zo zaure, ina jin muryarsa daga tsakar gida yana cewa an zubar da mutuncin gidan ubansu. Malam ya amsa a hankali: "Yaya, an hana ta hawa bayan wani. Ban ji an hana ta riƙe kan mashin a gidan mijinta ba." Yayan ya kaɗe riga ya tafi.

Ranar na durƙusa na roƙi Malam ya rufa mini asiri. Ya dube ni, ya ce shi ke nan. Na daina zuwa biki da suna. Damina ta zo ta cinye tudun, ciyawa ta rufe hanyar, amma bai yarda in sake shuka komai a wurin ba.

Wata Alhamis bayan kaka bai je Shinkafi ba, ya ce kansa ya yi nauyi. Da hantsi yana alwala sai buta ta suɓuce masa, ya zube gefe ɗaya, bakinsa ya karkace. Na fita ba mayafi ina kururuwa. Masu mashin a ƙauyen ba su da yawa a lokacin, kuma duk sun tafi kasuwa. Tsofaffi suka taru suna cewa a nemo shanu a ɗaura amalanke, shanun kuwa suna daji. Ina kallon numfashinsa yana sarƙewa.

Na shiga ɗaki na sa wandon.

Maƙwabciyar nan da ta kira ni direba, ita ta kwance zanen goyonta. Da ita da tsofaffi biyu suka ɗora shi a bayana, ta ɗaure mu tare a ƙirji da ƙugu kamar jariri. Hawaye na zubo mata. Na tayar da mashin na fita ta ƙofar gida, na ratsa tsakiyar gari da rana tsaka. Na wuce ƙofar masallaci, dattawa suka kawar da kai. Wan Malam yana tsaye a bakin hanya, ban dube shi ba. Iska ta ɗage mini zane har gwiwa, ba ni da hannun da zan ja shi. Yara suka biyo mu da gudu suna ihu.

Na hau tudun maƙabarta na sauka. Na shiga kwazazzabo na fita, kansa na bugun kafaɗata. Mun kai asibitin Ƙaura, mutane suka yi cincirindo suna kallona kafin su kalli marar lafiya. A can ya cika, bai sake buɗe baki ba. A zaman makoki na ji ana raɗa cewa girgizar hanya ce ta ƙarasa shi, wasu na cewa duk Ƙaura ta ga ƙafafuna. Wansa ya sayar da mashin, ban tambayi wa ya saya ba. Har yau idan na shiga taron mata sai in ja mayafi in zauna a baya, ko da yake yawancin waɗanda suka gani sun riga ni tafiya. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Amma a ranar, kafin mu hau kwalta, akwai rafin. Da na hango farin rairayi hannuna ya fara sakin wuta da kansa, ƙafata ta nufi birki. Na ɗauka Malam ba ya cikin hayyacinsa. Sai na ji bakinsa a kunnena, maganar na fita da ƙyar, rabi a tauna:

"Kada ki taka birki, tsohuwa. Ba shi wuta."