Ƙauyen da Ake Rufewa da Yamma

Maidaji mutumin wani ƙauye ne a kusa da Maraɗi, amma ya daɗe a Guangzhou har ya fi wasu 'yan gari sanin lungunan Zhanxi, kasuwar takalma, inda shagonsa yake jikin nawa. Mutum ne mara hayaniya. In ɗan Sin ya tsawwala masa farashi sai ya yi murmushi ya ce meyo, wato babu, ya juya. Sinancinsa ke nan gaba ɗaya: nawa ne, ya yi tsada, na gode, babu. Ina yawan tsokanarsa cewa sunansa ne kawai ya rage a daji.

A nan matarsa Balki ta haifa masa Saffana da ƙaninta Tankari. Makarantar yara ta unguwa suke zuwa, don haka bakinsu ya buɗe da Sinanci. Suna jin Hausa sama-sama, amma in ka yi musu magana da ita da Sinanci za su mayar maka. Abin bai dame shi ba sai da Inna, mahaifiyarsa, ta fara ciwo. Ita kaɗai ta rage a gidansu na ƙauye. Duk ranar da ya kira ta sai ta ce a ba ta jikokinta, ta yi ta zuba musu zance suna zazzare ido. Rannan ta ce masa, cikin wasa wai, ya haifa mata baƙi. Kai su gida kuwa ba ya yiwuwa, takardunsa in ya fita babu tabbacin zai dawo, ga shago, ga iyali. Tsoronsa ɗaya ne, kada tsohuwa ta tafi ba ta taɓa yin hira da jikokinta ba.

Wani mai ba shi kaya ne ya nuna masa hotunan wurin shaƙatawa a bayan gari, inda aka sake gina ƙauyen mutanen da. Maidaji ya ga rijiya, ya ga turmi, ya ga rumbu, sai ya ce ai ga makaranta ta samu. Ya ja ni muka tafi ran Lahadi, ni ne mai saɓa Tankari.

A ƙofar gidan farko ya tsaya ya yi sallama. Ya jira. Ya sake yi, jama'a suna ture shi suna shigewa. Sai da Saffana ta ja hannunsa tana ƙyalƙyala dariya ya leƙa ya ga masu gidan mutum-mutumi ne, an zaunar da su gaban akushin roba. Na yi dariya ni ma, amma kunyar da na gani a fuskarsa ta sa na haɗiye sauran.

Bai karaya ba. Ya kai su rijiya, an rufe bakinta da gilashi. Ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiyar da aka kewaye turmi da ita ya nuna musu yadda ake daka, mai gadi ya busa masa usur. Don haka daga nesa ya riƙa nuni da yatsa yana cewa wannan guga, wancan rumbu, duk Inna tana da irinsu. Tankari kifayen kududdufi ne suka ɗauke masa hankali. Saffana kuwa tana maimaitawa tiryan-tiryan, har na ga Maidaji yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir.

Da yamma aka fara sanarwar za a rufe. Ma'aikatan da suka wuni cikin tufafin mutanen da suna saƙa da niƙa suka tuɓe malafunansu, suka hau baburansu na lantarki, kowa ya nufi gida. Saffana ta bi su da kallo. Maidaji ya ce a kira Inna tun kalmomin ba su huce ba, can hantsi ne. Ya miƙa wa yarinyar wayar.

Ta gaishe ta daidai, ta ce rijiya, ta ce turmi. Muna jin Inna tana dariya tana sa albarka. Sai Saffana ta haɗa magana da kanta, cikakkiyar Hausa ta farko da na taɓa ji a bakinta.

"Inna, in an rufe ƙauyenku, ina kike kwana?"

Inna ta tambayi wa zai rufe. Maidaji ya karɓi wayar yana kame-kame, ya bayyana mata inda muke. Wallahi tausayinsu su duka ya kama ni, kuma ban da abin da zan iya yi musu.

"Gaya mata ba a rufewa," in ji Inna. "Ƙofata a buɗe take kwana. Mai yin sallama ne babu."

Saffana ta ja rigar ubanta, ta tambaye shi da Sinanci me Inna ta ce, don maganar ta yi mata tsawo. Ya durƙusa gabanta, ya buɗe baki, ya laluba ɗan Sinancinsa na kasuwa daga farko har ƙarshe. Mai gadi yana tsaye da kwaɗo a hannu yana jiranmu.

"Meyo," Maidaji ya ce mata.